Microsoft, Odoo, Zoho ko ERPNext: wa ya kamata ƙaramin ofishin manhaja a Katsina ya bi?

Daga Satumba zuwa Nuwamba ne kakar tarukan manyan kamfanonin da ke ƙera manhajar tafiyar da kasuwanci. Salesforce tana yin Dreamforce a San Faransisko, Odoo tana tara jama'arta a Burasels, Microsoft tana da Ignite, su kuma dillalan manhajarta ta Business Central suna da nasu taron daban mai suna Directions, wanda aka yi a Liyon ta Faransa a 2023, aka yi a Biyana ta Ostiriya a 2024. SAP ba ta jiran kaka, tun wajen Mayu ko Yuni take yin Sapphire a Amurka. Ba sai ka nemi biza ba kafin ka ji abin da aka faɗa, domin manyan jawaban suna nan a YouTube, data kawai za ka ƙona. Tun daga 2023 kuwa, ko wane taro ka buɗe, magana biyu za ka ji ana ta nanatawa: ƙirƙirarriyar basira, wato AI, da haɗa hannu tsakanin uwar kamfani da masu sayar mata da kaya.

Na yi wannan rubutu ne saboda matasan Katsina da Daura da Funtuwa da suka gama karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam ko kwalejin Hassan Usman, ko suka fito daga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na koyar da matasa fasahar zamani, suka haɗa kai su uku ko huɗu suka kama ɗan ofis, yanzu kuma sun gaji da zanen shafukan intanet da yi wa mutane rajistar kamfani. Kuɗi mai tsoka yana wajen girka wa diloli da kantunan magani da makarantun kuɗi da masu injin casar shinkafa manhajar da za ta riƙe musu lissafin kaya da na kuɗi da na bashi. Sai dai kafin ka shiga wannan sana'a dole ka zaɓi wanda za ka bi, don babu ƙaramin ofishin da zai ƙware a manhaja huɗu lokaci guda. Huɗun da suka cancanci a auna su ne Business Central ta Microsoft, Odoo, Zoho da ERPNext. SAP da Salesforce zan ambace su ne kawai don a ga inda aka dosa. Mai kuɗin da zai iya biyansu ba zai neme ka a Ƙofar Ƙaura ba, a Legas zai sa hannu.

Ga abin da aka yi ta shela. A taron Inspire na Yulin 2023 Microsoft ta sanar da cewa Copilot, mataimakinta na AI, zai ci dala 30 a wata kan kowane mutum, ta kuma sauya wa shirin dillalanta suna ta cusa AI a ciki. A lokacin mataimaki ne kawai, ka tambaye shi ya rubuto maka. Bayan shekara guda zance ya canza. A Dreamforce na Satumban 2024 shugaban Salesforce Marc Benioff ya fito da Agentforce, ɗan aiken da ba ya jiran umarni, shi zai amsa wa abokin ciniki ya kuma aiwatar, a kan dala 2 kowace tattaunawa. Da Oktoba ta zo Microsoft ta fito da nata 'yan aike goma a cikin Dynamics 365, har da wanda ke karanta imel ɗin mai son saye ya haɗa masa takardar farashi a Business Central. Abin da ya kamata dillali ya kasa kunne a kai shi ne yadda za a biya waɗannan 'yan aike. An saba biyan lasisi kan kowane kai duk wata. Yanzu an fara karkata zuwa biya gwargwadon aikin da na'urar ta yi, kamar mitar wutar da ake loda wa kati. Wanda ya saba lissafa kamashonsa da yawan ma'aikatan abokin ciniki sai ya sake lissafi, musamman da yake abin da ake tallata wa mai kamfani shi ne zai rage yawan masu zama gaban kwamfuta.

Ta fuskar haɗin gwiwa kuma, a Sapphire na 2024 SAP da Microsoft suka ce Joule, mataimakin AI na SAP, da Copilot za su riƙa magana da juna. A Nuwamban shekarar Anthropic, mai ƙera AI, ta fitar da ƙa'idar MCP, wadda ke ba AI hanyar shiga bayanan wata manhaja ya yi aiki da su, Google ta biyo da A2A, wadda ke haɗa 'yan aiken AI da juna, a Afrilun 2025, kamfanoni da dama suka karɓa. Darasin da na ɗauka daga nan, wanda kuma a kansa duk sauran wannan rubutu ya hau, shi ne kada ka zaɓi manhaja don AI ɗinta ya fi burgewa a bidiyon taro. Ƙofofi suna ta buɗewa, nan gaba kaɗan kusan kowace manhaja za a iya jona mata AI daga waje. Abin da ba ya sauyuwa cikin sauƙi shi ne inda littafin Alhaji ya zauna, da kuɗin da ake biya da shi, da wanda za a kira in abu ya tsaya ranar kasuwa.

A kan dandamalin taro ba a cika faɗar ɗaya ɓangaren ba. Kamfanin Klarna na Suwidin ya yi alfahari a farkon 2024 cewa AI ɗinsa na yin aikin mutum 700 wajen amsa koke-koken jama'a, amma a 2025 shugabansa ya fito ya ce ingancin aikin ya ragu, za su sake ɗaukar mutane. Cibiyar binciken harkar fasaha ta Gartner ma ta yi hasashe a Yunin 2025 cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na ayyukan girka irin waɗannan 'yan aike za a soke su kafin ƙarshen 2027.

Yanzu mu sauko babbar kasuwar Katsina, shagon wani dilan kayan masarufi. Ga yadda oda ke zuwa masa: saƙon murya a WhatsApp, ana jin ƙarar babura a baya. "Salamu alaikum Alhaji, an wuni lafiya. A sa mini katan ashirin na taliya mai jan leda, da jarka biyar irin na rannan. Direban Mashi zai zo ya ɗauka bayan la'asar. Cikon kuɗin sai ranar kasuwa in sha Allahu." A wannan ɗan saƙo babu lambar kaya, babu farashi, akwai "irin na rannan" wanda sai wanda ya tuna rannan zai gane, akwai wani na uku da zai karɓi kayan, akwai kuma yarjejeniyar bashi da aka ƙulla da rabin jimla. Ɗan aiken Microsoft an gina shi ne don imel. Zoho da ta fitar da nata na'urorin jin magana a Yulin 2025, na Ingilishi da Hindi ta fitar. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLaS a Satumban 2025, wanda aka horar da Hausa da Yarbanci da Ibo, amma babu wata uwar kamfani a Turai ko Indiya da za ta zauna ta ɗinke shi da littafin odar dilan taliya. In an yi wannan aikin, ɗan gida ne zai yi shi, kuma zai fi yi masa sauƙi a manhajar da yake iya buɗe cikinta.

Haka batun daidaita shigar kuɗi a banki da takardun ciniki, wanda kusan kowane taro sai an nuna AI yana yinsa cikin daƙiƙa. A bidiyo sunan da ke kan alat shi ne sunan da ke kan rasit. A nan kuwa alat ɗin zai shigo da sunan mai POS na Mai'aduwa, ko da sunan ƙanin mai sayen, kuɗin kuma ya haɗa cikon odar jiya da wani yanki na tsohon bashi. Babu basirar da za ta warware wannan daga takardar banki kaɗai. Maganinsa ya fi AI sauƙi: a ba kowane babban abokin ciniki lambar asusu tasa ta musamman, irin wadda Paystack da Monnify ke bayarwa, ta yadda duk wanda ya turo kuɗi ta lambar, littafi ya san na waye. Kafin wannan ma akwai aikin da kowa ke gudu, wato gyaran sunayen kaya. Yaran shago uku sun rubuta kaya ɗaya da suna uku, ana saye da buhu ana sayarwa da kwano, ana shigowa da katan ana fitarwa da dozin ko rol. Duk ɗan aiken da ka ɗora a kan wannan hargitsi, kuskuren zai riƙa yi da sauri kawai.

Da wannan ma'auni za mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Business Central jikar Navision ce, manhajar Denmak da Microsoft ta saya a 2002, aka fito da ita da sabon suna a 2018. A cikin huɗun nan ita ce ta fi nisa a AI, kuma tana zaune lafiya da Excel da Outlook da kowane akanta ya saba da su. Masu binciken kuɗi suna ganin girmanta, ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje ma haka. Matsalarta dala. Lasisin Essentials ya daɗe a dala 70 kan kowane mutum a wata, Premium a dala 100, kafin a ƙara su zuwa 80 da 110 a ƙarshen 2025. Ka ɗauki kamfani mai ma'aikata goma masu cikakken lasisi, dala 800 ke nan duk wata, in dala tana kan naira 1,500 ya kama naira miliyan 1.2, kafin a biya ka ko kwabo. Akwai ƙaramin lasisi na dala 8 ga masu dubawa kawai, yana rage nauyi, amma bai kawar da tushen damuwar ba. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san abin da alƙawarin biyan dala kowane wata yake nufi ga mai sayar da kaya a naira.

Hanyar shiga ma doguwa ce. Ƙaramin ofis zai sayar da lasisi ne ta hannun babban dila, ba kai tsaye ba. Lambar girma ta Solutions Partner tana buƙatar maki 70 cikin 100, ana tara su daga sababbin abokan ciniki da takardun shaidar ƙwarewa da bunƙasar amfani, abin da ofishin mutum huɗu zai daɗe bai kai ba. Microsoft ba ta yi wa Najeriya tsarin haraji da kanta ba, dillalai ne ke ɗinkawa. Copilot kuma a wadda ke kan intanet kaɗai yake aiki, in ka girka ta a sabar cikin gida, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar a ofis, ka rasa shi. Shawarata a nan gajera ce. Kada ka kafa ofishinka a kanta, amma ka sa mutum ɗaya ya ci jarrabawar MB-800, ku zama hannun wani babban dillali na Legas ko Abuja a Arewa maso Yamma. In kamfanin haɗa taki ko na gurzar auduga a Funtuwa ya saye ta, dole a nemi wanda zai je ya zauna da ma'aikata ya koya musu da Hausa.

Odoo ta Beljiyam ce. Fabien Pinckaers ya fara ta a 2005 da sunan TinyERP, ta koma OpenERP, ta zama Odoo a 2014. Kashi biyu ce: Community da kowa zai sauke kyauta ya girka a sabarsa, da Enterprise ta kuɗi. A taron Burasels ake buɗe sabon fitowa duk shekara, 17 a 2023, 18 a 2024, 19 a 2025, kuma a ta 19 ɗin ne AI ya shigo sosai. Abin da ke sayar da ita a wajenmu fuskarta ce. Yaron shagon da ya iya WhatsApp ba ya daɗewa bai gane allon sayar da kaya ba, hotunan kaya ne yake taɓawa. Allon kuma yana ci gaba da karɓar ciniki in sabis ya ɗauke, ya tura daga baya in ya dawo. Farashinta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, na Afirka bai kai na Turai ba, kuma kuɗi ɗaya ne ke buɗe dukkan sassanta, daga sito har albashi. Tana da ofis a Nairobi. Dillali yana biyan kuɗin shekara, ya hau matakai uku, Ready da Silver da Gold, kamasho yana tashi daga kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari gwargwadon matakin.

Akwai abubuwa uku da ba za ka ji a jawabin buɗe taro ba. Na farko, Odoo da kanta tana sayarwa kai tsaye, tana kuma girkawa, saboda haka uwar da kake wa talla tana iya zama kishiyarka a kan abokin ciniki ɗaya. Dillalanta sun daɗe suna wannan ƙorafi. Na biyu, cikakken sashen lissafin kuɗi yana cikin ta kuɗi ne. Mai amfani da ta kyauta sai ya nemo ƙarin sassa daga ƙungiyar masu sa kai ta OCA, suna aiki, amma kai za ka kula da su. Na uku shi ya fi cizo. Fitowa uku na baya-bayan nan kaɗai ake tallafawa, don haka duk ɗinkin da ka yi wa abokin ciniki, kamar haɗa littafi da lambobin asusun nan ko da WhatsApp, sai an sake gyara shi in za a hau sabon fitowa. Je ka ka yi wa Alhaji bayanin dalilin da zai sake biyan kuɗin abin da ya riga ya biya shekara biyu da suka wuce, alhali a ganinsa lafiya lau yake aiki. In ba ka sa wannan a yarjejeniya tun ranar farko ba, daga aljihunka za a yi shi.

Zoho ta Indiya ce, Sridhar Vembu da abokansa suka kafa ta a 1996, hedikwatarta a Chennai. A cikin huɗun ita ce ta fi matsowa kusa da mu: tana da ofis a Legas, tana yin taronta na Zoholics a can, kuma tana karɓar naira. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tuna shekarun da yawancin bankuna suka rufe biyan kuɗin waje da katin naira, daga 2022 har tsakiyar 2025. Kunshin Zoho One yana da manhajoji sama da 40, mataimakinta Zia yana ciki, babu saba da za ka kula da ita, cikin 'yan kwanaki ka tayar wa mutum da aiki. Ga kamfanin jigilar Umara da ke bin sawun wanda ya biya rabi da wanda fasfonsa bai iso ba, ga mai sayar da filaye, ga ofishin lauya ko ƙungiyar sa kai, ban ga wadda ta fi ta dacewa ba. Amma sai da intanet take motsi, cikinta a rufe yake sai iyakar abin da harshenta na Deluge ya ba ka dama, kuma ba ta kai sauran ƙarfi ba a harkar babban sito da sarrafa kaya a masana'anta. Sauƙin nata ma yana da illa gare ka, domin abokin ciniki mai wayo bayan wata shida zai ga ba ya buƙatarka.

ERPNext ma ta Indiya ce, ta kamfanin Frappe da Rushabh Mehta ya kafa a Mumbai. Ita babu kashi biyu, duka a buɗe take ƙarƙashin lasisin GPL, lissafin kuɗi da sito da masana'anta da albashi, ba a biyan komai kan kowane kai. In ka ɗora ta a sabar Frappe, kuɗin sabar za ka biya, ko mutum biyar ke amfani ko hamsin. In ka ga dama kuma ka girka ta a wata ƙaramar kwamfuta a cikin sito, ka haɗa mata sola da inbata, sauran na'urorin shagon su jonu da ita ba tare da sun fita intanet ba. A tarukan AI ba ta da amo kamar sauran, wannan gaskiya ne, kuma fuskarta ba ta kai ta Odoo kyau ba. Amma tunda komai nata a buɗe yake, duk AI ɗin da ka ga dama kana iya jona mata, har wanda ke jin Hausa.

Tambayar da kowane ɗan kasuwa ke yi ita ce ke ɗaga darajarta a wannan jiha. "To Malam, wannan abin naka, in sabis ya tafi yara sun daina sayar da kaya ke nan?" Ba tambayar rashin sani ba ce. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Jibiya da Batsari da Ƙanƙara, aka shafe watanni a haka. A Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, har bankuna suka ji a jikinsu. A Oktoban shekarar kuma Arewa ta yi sama da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Da Zoho ko Business Central ta kan intanet, amsarka ita ce a sa layi biyu ko a sayi Starlink. Da Odoo, allon ciniki zai jure na ɗan lokaci. Da manhajar da aka girka a cikin gida kaɗai, kamar ERPNext ko Odoo, za ka iya cewa, "A'a ranka ya daɗe, ko sabis ya yi wata bai dawo ba littafinka na nan," ka kuma faɗi gaskiya.

Farashin wannan 'yanci shi ne komai ya dawo kanka. Babu kamashon lasisi, abincinka yana cikin girkawa da koyarwa da kulawa. Ajiye kwafin bayanai aikinka ne, in kwamfutar sito ta ƙone ba ka da kwafi a wani wuri, babu uwar kamfanin da za ka kai wa kuka. Sannan dole a cikinku akwai wanda ya iya Linux da Python da gaske. A nan ne ofisoshi irin namu suka fi rauni, don wanda ya iya ɗin shi ne wanda gobe zai sami aikin dala daga ɗakinsa ko ya koma Abuja. In mutum ɗaya ne kaɗai ya san yadda aka ɗaura komai, ranar da ya tafi kun rufe. Ku zama biyu, kuma a rubuta duk abin da aka taɓa.

Akwai haraji, wanda zai kawo muku aiki fiye da duk wani bidiyon AI. Harajin VAT yana kan kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. An sa hannu kan sababbin dokokin haraji a Yunin 2025 don su fara aiki a Janairun 2026, hukumar tara haraji ta tarayya kuma ta fara tsarin takardar ciniki ta intanet a 2025 da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama. Dilan Katsina daga irin waɗannan kamfanoni yake sari, saboda haka ko ba a iso kansa ba tukuna, takardun da ke zuwa hannunsa sun fara canzawa. Duk wadda za ka bi, ka tambayi wakilinta wa ya ɗinka mata haɗi da wannan tsari, nawa ne, wa zai gyara in hukuma ta sauya ƙa'ida. Ka kuma tuna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kafin ka tura sunayen ɗalibai ko na marasa lafiya zuwa wani AI da ke zaune a wata ƙasa.

To wa za a bi? In a cikinku akwai masu rubuta manhaja biyu, kuma diloli da masu injin shinkafa da kantunan magani kuke hari, ERPNext zan ce ku ɗauka, domin ita ce kuɗinta ba ya bin dala, ita ce kuma za ta ba ku damar gina abin da babu wanda zai gina daga waje. In ƙarfinku a iya magana da koyarwa yake, rubutun manhaja kaɗan ne, abokan cinikinku kuma manyan kantuna ne da gidajen abinci masu son allo mai kyau, ku bi Odoo ta kuɗi, ku rage ɗinki iyakar iyawa. In ofisoshi da masu hidima ne a gabanku ba masu sito ba, Zoho. Business Central kuwa a riƙe ta a matsayin sana'a ta biyu. Na san akwai masu cewa a fara da Odoo ta kyauta tunda ta haɗa kyau da arha. Ana yi, amma kulawar da take ci ta kai ta ERPNext, ga kuma sashen lissafin da sai an yi masa ciko, don haka ban ga ribar ba sai in kuna da niyyar mayar da abokin cinikin kan ta kuɗi daga baya.

Batun haɗin gwiwar da ake ta yi wa kirari a taruka, fassararsa a aikace a nan ta fi kusa da gida. Abokin haɗin gwiwarka na farko akanta ne mai shaidar ICAN ko ANAN, domin kai ka iya kwamfuta, amma tsara asusun kamfani da rufe lissafin shekara ba fanninka ba ne, kuma Alhaji ya fi jin maganar akantansa a kan taka. Na biyu mai haɗa sola. Na uku ne babban dillali na Kano ko Abuja ko Legas, kuma da shi ne ake buƙatar takarda. Abin da aka saba gani shi ne babban ya karɓi kwangila, ya turo ɗan gida ya yi makonni yana koyarwa a kan kuɗin mota da na abinci, kuɗin sabuntawa na kowace shekara kuma ya riƙa wucewa ta samansa. Kafin ka taka ƙafa, a rubuta sunan wa za a yi wa abokin cinikin rajista a wajen uwar kamfani, wa ke riƙe da babban mabuɗin shiga, kashi nawa ne naka a sabuntawa, wa zai ɗaga waya in an kira bayan isha'i, kuma in kun raba gari wa zai ci gaba da kula da shi. Shi ma mai kasuwancin a rubuta masa cewa bayanansa nasa ne, duk ranar da ya nema za a ba shi kwafi.

In kuɗin tafiya ɗaya kuke da shi a shekara, ku bar Burasels da Biyana a YouTube. Zoholics na Legas, ko irin GITEX Nigeria da aka fara yi a Abuja da Legas a Satumban 2025, sun fi amfani, saboda a can ne za ku haɗu da mutanen da za su iya ba ku aiki ko su karɓi naku. Ku tafi da saƙon murya na oda guda a waya, da takardar banki ta wata ɗaya da aka goge sunaye, bayan kun nemi izinin mai su. Duk rumfar da aka nuna muku ɗan aiken AI, ku miƙa su ku ce a gwada da waɗannan.